Baƙin rim na ƙarfe don tayoyin hunturu: wanne ya dace da Camry?

Nura (Otawa):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Manya, shawara nake nema. Camry 2018 ce, SE, tayoyinta 235/45R18 a kan aloi ɗin da ta zo da shi daga kamfani. Bana ne zan fara shiga hunturu da mota a nan Kanada. Zan sayi tayoyin ƙanƙara huɗu, kuma so nake in ɗora su a kan nasu rim ɗin na ƙarfe, kada a riƙa ɓalle taya daga aloi ana mayarwa kaka da bazara. Mai shago ɗaya ya nuna mini baƙin rim 16, ya ce duk motar da ke da ƙusa biyar yana shigarta, kuma shi ya fi araha. Wani kuma ya ce in jira ya yi mini odar wanda aka buga wa Toyota takanas, sai dai akwai ƙari a kan kowane ɗaya. Ni dai a idona duk baƙin ƙarfe ne mai huji biyar. Da bambanci, ko bakin 'yan kasuwa ne? Sannan sauka daga 18 zuwa 16 ba zai taɓa wani abu ba?

Alhaji Garba (Toronto):
Wa alaikumus salam. Yaro, ɗauki mai arahar ka huta. Tasi nake ja a garin nan tun wasunku suna firamare, kuma irin wannan rim ɗin nake ɗaurawa duk shekara. Abin da zai sha gishirin titi wata huɗu ya dawo ja da tsatsa, me za ka yi da tsada a kansa?

Isuhu (Mantiriyal):
Ko wanne ka zaɓa, ka kama layi tun yanzu. Nan lardin Kebek doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai da tayar hunturu, wanda aka kama tarar dala 200 zuwa 300 ce. Saboda haka in Nuwamba ta kama, gareji ba ya da wurin sa ƙafa, kuma guguwar tana ƙetaro kogi ta same ku a Otawa.

Nura (Otawa):
Malam Isuhu, ai Gatino, can cikin Kebek, nake zuwa aiki kullum. Ke nan dokar ta hau kaina?

Isuhu (Mantiriyal):
A'a, motar da ke da rajistar Kebek take bi. Taka lambar Ontariyo ce. Amma ƙanƙarar da ke kan gadar ba ta duba lamba.

Injiniya Bashir (Kalgari):
Alhaji, da girman kujerarka, zan ɗan saɓa maka. Nura, zauna ka karanta, don abin yana da lambobi.

Huji biyar ba shi ne magana ba. Da'irar da ƙusoshin suka zauna a kai ita ake aunawa, kuma ta Camry 5x114.3 ce: ƙusa biyar, faɗin da'irar milimita 114.3. Akwai 5x115 na wasu motocin Amurka irin su Impala da Charger. Tsakaninsu bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa rim ɗin zai shige ƙusoshinka sarai ka zaci daidai ne, alhali kowane noti a karkace zai zauna yana tanƙwara ƙusarsa. Masu sayar da na hannu a intanet sun fi faɗawa wannan, galibi ma su kansu ba su sani ba. Corolla ta nan ta shekarun 2009 zuwa 2019 kuwa yawanci 5x100 ce, ko kusa ba za ta shiga ba, sai ka huta da ita.

Na biyu, hujin tsakiya, kuma nan ne bambancin shagunan nan naka yake. In ka cire taya za ka ga wani ɗan tudu zagayayye a tsakiyar hob. A Camry faɗinsa milimita 60.1 ne. Na Honda 64.1, na Nissan 66.1, na Hyundai da Kia da Mazda 67.1, duk kuwa da cewa yawancinsu 5x114.3 ɗin nan suke amfani da ita. Rim ɗin da aka buga wa Toyota hujinsa 60.1 ne, yana hawa tudun nan ya zauna cif a tsakiya tun ba a sa noti ko ɗaya ba. Shi kuwa mai shiga kowace mota, faɗaɗa hujinsa aka yi don ya haɗiye na kowa. A motarka zai bar sarari kewaye da tudun, sai ya zama notuna ne kaɗai za su nemo masa tsakiya.

Na uku, ofset, wanda ake bugawa a jikin rim da haruffan ET. Shi ke nuna yadda taya za ta shige ciki ko ta turo waje. Lambar ta yi yawa, taya ta matso wajen shokozoba. Ta yi kaɗan, ta leƙo waje tana watsa wa jikin mota gishiri da laka. Kada ka gwada da lambar aloi ɗinka na 18, don faɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka tambayi sashen kayan gyara na dila lambar rim 16 na Camry 2018, ka tsaya kusa da ita da 'yan milimita kaɗan.

Alhaji Garba (Toronto):
Injiniya ka iya turanci da Hausa. To ni da na yi shekaru da mai faffaɗan huji, me ya sa taya ba ta taɓa wuce ni a titi ba?

Injiniya Bashir (Kalgari):
Ba za ta wuce ka ba, Alhaji, kuma ban ce za ta wuce ba. Nan kana da gaskiya. Ba tudun ne ke ɗauke da nauyin mota ba, matsin da notuna suka yi wa rim a jikin hob shi ke riƙe komai. Kuma noti mai gangaren baki, in aka bi shi a hankali, yana jawo rim ya kawo shi tsakiya da kansa. Sharaɗin shi ne mota tana sama a kan jak, a fara ɗaura su da hannu, ana tsallake ɗaya ana kama na gaba da shi, kowanne kaɗan-kaɗan har su zauna tare.

Yanzu ka faɗa mini, wa ke ɗaura maka naka?

Alhaji Garba (Toronto):
Ni da kaina, a ƙofar gida. Ban yarda da yaran nan ba.

Injiniya Bashir (Kalgari):
To ka ga amsar. Nura gareji zai kai, a makon da motoci suka yi layi har titi. Yaron da ke aikin zai rataya rim a kan ƙusoshi, nauyinsa ya sauko da shi ƙasa kaɗan, ya ɗauko bindigar iska ya danne noti na farko har ƙarshe. Shi ke nan ya kulle shi a inda ya same shi. Kaucewar ko milimita ɗaya ba za ta kai ba, ido ba ya gani. Sai ka hau babbar hanya ka kai gudun wajen kilomita 100 zuwa 110 a awa, sitiyari ya fara kaɗawa a hannunka. Ka koma a sake balansi, injin ya nuna komai lafiya, don shi injin da mazuginsa yake kama rim a tsakiya daidai. A mayar a mota, rawar tana nan. Mutane da yawa a nan suke zagin taya, alhali ba ruwanta.

Sadiq (Jamus):
Ba a sa zoben roba a cike sararin ba? Na ga ana yi da aloi.

Injiniya Bashir (Kalgari):
Da aloi yana aiki, don hujinsa yana da kauri da gurbin da zoben zai kwanta. Ƙarfe kuwa faranti ne aka matse a inji, leɓen hujin siriri ne. Sau da yawa zoben ba ya samun abin kamawa, ko ya zame ko ya murƙushe tsakanin rim da hob, wanda ya fi rashinsa muni.

Sadiq (Jamus):
Mu nan ma ba a ba ka wannan zaɓin sosai. Rim ɗin da ba na kamfanin motar ba sai yana da takardar izini da ta ambaci irin motarka, in ba haka ba sai ka kai wa masu binciken mota su duba su shigar da shi a takarda. Ka shiga shago, takardar motar za a fara tambayarka kafin farashi. Doka kuma ba ta sa rana ba, yanayi take bi: in akwai ƙanƙara ko santsi sai tayar hunturu, in ba ka da ita Yuro 60 da maki ɗaya a lasisi. Tun Oktoban 2024 ma rubutun M+S a jikin taya shi kaɗai bai isa ba, sai mai hoton dutse mai kawuna uku da ɗigon ƙanƙara a ciki.

Maman Hanif (Winifeg):
Sannunku da muhawara. Ƙanena Nura, ni ba injiniya ba ce amma na ga hunturun Manitoba. Abu ɗaya da ba wanda ya taɓo: sensar iska. In motarka tana nuna iskar kowace taya a dashbod, to a cikin rim ɗin aloi sensocin suke, manne da bakin bawul. Ranar da ka ajiye su a gida ka fita da baƙin ƙarfe, fitilar nan mai ruwan ɗorawa za ta kama, kuma ba za ta mutu ba sai bazara. Ko ka sayi wasu huɗu a sa maka tun wajen ɗora taya, ko ka haƙura da fitila.

Alhaji Garba (Toronto):
Hajiya, baƙin salatif ake liƙawa a kai.

Maman Hanif (Winifeg):
Alhaji kai dai! Ni da yara a baya ba zan liƙe fitila ba. A sanyinmu iska sauka take yi da kanta, wajen psi ɗaya duk lokacin da awo ya faɗi da digiri biyar ko shida. Tayar da aka cika a gareji mai ɗumi, ta kwana a waje a 30 ƙasa da sifili, da safe ba ita ba ce.

Injiniya Bashir (Kalgari):
Gaskiyar Hajiya. A Amurka tun 2007 dole ne sabuwar mota ta zo da wannan na'urar, a Kanada kuwa ba dole ba ne, don haka ba wanda zai tare ka. Kuɗi ne da kwanciyar rai. In za ka sa, ka tambayi mai shagon abu biyu: hujin bawul na rim ɗin yana karɓar sensa, kuma wa zai gabatar da sababbin ga kwamfutar motar duk lokacin canji, nawa ne. In ba za ka sa ba, sayi gejin hannu ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da safe kafin ka motsa, ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Maman Hanif (Winifeg):
Ga 'yan Manitoba da ke karantawa, hukumar inshorarmu ta MPI tana ba da rancen tayoyin hunturu, kuma rim yana ciki. Sai dai akwai ruwa a kai, ko da kaɗan ne. Mu tara kuɗinmu muka yi.

Malam Habibu (Edmanton):
Kaɗan ko da yawa, riba riba ce. Allah Ya saka da kika faɗa.

Admin:
Malam Habibu, a ajiye mana wannan zuwa karatun Lahadi. A nan rim ake yi.

Nura (Otawa):
Na gode ƙwarai. Saura maganar sauka zuwa 16. Abokin aikina cewa ya yi agogon gudu zai riƙa yi mini ƙarya.

Injiniya Bashir (Kalgari):
Da rim kaɗai aka rage, da ya yi gaskiya. Amma abin da aka cire a ƙarfe ana mayar da shi a kafaɗar taya. Ga lissafin. 235/45R18: kafaɗa kashi 45 cikin 100 na 235, sama da ƙasa milimita 211.5, a haɗa da inci 18 wato 457.2, tsayin taya ya kama 668.7. Ita kuma 205/65R16: kafaɗu 266.5, rim 406.4, jimla 672.9. Tsakaninsu milimita huɗu da ɗan ɗoriya, bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba, kuma har kashi uku ana ɗauka. Ba ma ƙirƙira muka yi ba, Camry 2018 ƙaramin aji, L, da 205/65R16 a kan rim na ƙarfe take fitowa daga kamfani. Lambar nauyinta 95 ce, kilo 690 kowace taya, ta ma ɗara 94 ɗin da ke kan taka.

Duk da haka kada a ɗora roba sai an gwada rim ɗin tsirara a ƙafar gaba. A sa shi, a juya da hannu, a leƙa tsakaninsa da kalifar birki. Rim biyu za su iya zama 16 dukansu, amma lanƙwasar cikinsu ta bambanta, ɗaya ya wuce ɗaya ya goga. Da zarar an ɗora taya an yi balansi, da wuya mai shago ya karɓi kayansa.

Isuhu (Mantiriyal):
Ka sauka, ba za ka yi nadama ba. Taya 16 ta fi 18 araha nesa ba kusa ba, rarar ma tana iya biyan wani kaso na kuɗin rim. Siririya kuma ta fi yanka dusar ƙanƙara ta taɓo kwalta. Sannan in Maris ya zo titi ya farfashe, kafaɗa mai tsawo ita ke shanye rami. Wanda bai ga ramukan Mantiriyal bayan narkewar ƙanƙara ba zai ce sharri nake wa Turawa.

Oga Lawan (Kano):
Salamu alaikum mutanen Turai. Ɗan yayata ne ya jefa ni gidan nan, yau dai na ga maganar da na sani. Mu nan direbobin Sharon da Golf masu dogon zango ba sa yarda da aloi. Ƙarfe in ya daki rami lanƙwasa yake, a sauke a ba shi guduma a ci gaba da tafiya. Aloi kuwa tsagewa yake, sai walda, waldar ma ba amana.

Amma ina da ƙorafi a kanku. Tayoyin nan masu hoton dutse da kuke gamawa da su, su ne ake loda mana a kwantena. Suna nan jibge a Ƙofar Ruwa, zanensu da zurfi gwanin sha'awa, mai mota ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Ya hau hanyar Zariya da su a zafin Afrilu, robar ta yi laushi, kafin wani lokaci ta cinye.

Injiniya Bashir (Kalgari):
Oga Lawan barka da zuwa. Haka ne, robar an haɗa ta ne don ta zauna da taushi in awo ya sauka ƙasa da digiri 7. A digiri 40 na Kano ba wurinta ba ne, birki ma ba ya kamawa yadda ya kamata. Ka riƙa nuna wa kwastomominka alamar, da lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT a gefen taya, masu nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 3519 na nufin mako na 35 a 2019.

Maganar guduma kuwa, leɓen baki in ya ɗan lotsa ana iya miƙewa. In lanƙwasar ta kai cikin farantin ko wajen hujin ƙusa, a yar. Nura, in na hannu ya ba ka sha'awa, nan za ka duba: hujin ƙusa da ya zama ƙwai, da tsatsar da ta ci inda bakin taya ke kwanciya. Ta nan iska ke tsiyaya a hankali, ka yi ta neman ƙusa a taya ba ka gani.

Alhaji Garba (Toronto):
Na hannun ma ai ya fi. Mutum ya sayar da motarsa, rim huɗu sun tare masa gareji, rabin kuɗi zai sallama.

Injiniya Bashir (Kalgari):
In daga Camry aka cire su, na asali, to wannan ya fi duka biyun da Nura ya gani a shago. Hujin 60.1 ne, ofset na kamfani ne. In daga Accord ne, a bar shi. Zai shiga, tunda 64.1 ya fi 60.1 faɗi, amma Honda noti mai zagayayyen gindi take amfani da shi, gurbinsa daban ne.

Wannan ma ya kawo ni kan abin da aka fi mantawa. Nura, notunan aloi ɗinka masu wosha ne, shimfiɗaɗɗu. Baƙin ƙarfe na kasuwa gurbinsa gangare ne mai digiri 60. Ka sayi noti 20 nasa daban, zaren M12x1.5.

Sadiq (Jamus):
Amma safayar Toyota ai ƙarfe ce, kuma da notunan nan ake ɗaura ta in an yi faci a hanya.

Injiniya Bashir (Kalgari):
Haka ne, an yi wa bakinsu ɗan gangare saboda ita. Wannan na kai ka wurin mai faci ne. Wata huɗu a kan babbar hanya, ga gishiri yana cin kwalliyarsu, gara nasa na kansa, ba su da tsada. Kuma a kula da tsawo. Ƙarfe ya fi aloi siranta, don haka ƙusa tana fitowa waje sosai. In noti mai rufaffen kai ne kuma gajere, ƙusar za ta tokare rufin tun bai danne rim ba. Sifana za ta ce maka ya ɗauru, rim kuwa yana wasa. Mai buɗaɗɗen kai ba ya da wannan matsalar, wil-koba ta rufe shi.

Maman Hanif (Winifeg):
Injiniya, ke nan rim ɗin Camry zai hau Sienna ɗina? Maƙwabciyata tana da huɗu a ajiye.

Injiniya Bashir (Kalgari):
Ƙusoshi da hujin tsakiya ɗaya ne, Hajiya, amma ban ba ki shawara ba. Sienna ta fi nauyi sosai, birkinta ya fi girma, kuma kowane rim yana da iyakar kilon da aka yi shi ya ɗauka. Nemi wanda aka rubuta wa Sienna.

Nura (Otawa):
Na kira mai shago na biyun. Abin da zai kawo: 16x6.5, 5x114.3, huji 60.1, ET40, da notuna masu gangare. Ya yarda a gwada ɗaya a gaba kafin a ɗora taya. Sensa kuma na ce a sa, Maman Hanif ta ci ni da magana. Na farkon da na tambaye shi faɗin hujin nasa, sai ya ce bari ya duba kwali, ya dawo ya ce 67.1.

Alhaji Garba (Toronto):
Na Hyundai ke nan yake sayar wa kowa. To Allah Ya sa albarka. Ni dai nawa suna nan, sai sun ruɓe. Ka kira kamfanin inshorarka ka shaida musu, tun 2016 dokar Ontariyo ta ce su yi ragi ga mai tayar hunturu. Ba yawa, amma kuɗin shayi ne. Ka ajiye rasit, suna tambaya.

Isuhu (Mantiriyal):
In an cire na bazara, ka sa alli ka rubuta wa kowacce inda ta fito. Tunda suna kan rim, a kwance za ka jera su ɗaya bisa ɗaya, nesa da injin ɗumama gida.

Injiniya Bashir (Kalgari):
Ranar ɗaurawa ka tsaya a kansu. A goge fuskar hob da burushin waya, don tsatsa ko ɓawonta kaɗan ya shiga tsakani zai hana rim kwanciya daidai. In za a shafa man hana kamewa, a kewayen tudun tsakiya kawai, kada ya taɓa zaren ƙusa. Ɗaurin ƙarshe da sifanar awo, ba bindiga ba: Camry 103 Nm ce, a ma'aunin nan na ft-lb 76. In tayoyin masu kibiya ne a gefe, ka duba kibiyar tana kallon gaba a ɓangarorin biyu. Bayan ka yi kamar kilomita 100 ka koma a sake bin notunan, sabon fenti yana ɗan kwantawa a ƙarƙashinsu.

Nura (Otawa):
Shi ma komawar biya ake yi?

Alhaji Garba (Toronto):
Yawanci kyauta ne a inda aka ɗaura maka. In sun nemi kuɗi, sifanar awo ka saya, taka ce har ka canja mota.